Darasi na 7: Idan amya tana tsami

Amya mai lafiya ƙamshin kaki da zuma take yi. Idan ka ji tsami kamar na furar da ta kwana, akwai abin dubawa.

Mataki na 1. Shinshina kafin hayaƙi

Je da yamma, ka sa ragar fuska. Tsaya a gefen amya, ba a bakin ƙofar da ƙudan ke fita ba. Kada ka hura wuta tukuna. Matsa a hankali, ka shaƙi iska sau 3. Kada ka fesa musu numfashinka, yana fusata su.

Sake karantawa: hanci da farko, hayaƙi daga baya. Hayaƙin kashin shanu yana toshe hanci, bayansa ba ka jin komai sai ƙauri. Idan ka manta ka kunna, ba laifi, kowa ya taɓa yi. Koma gida, ka dawo gobe.

Amma ƴan uwa, sau nawa zan faɗa? Ran da muka fita wajen Madarunfa, ban gama magana ba wani dattijo ya ɗaga bakin wutarsa yana turnuƙe amya, sannan ya juyo ya ce: "Malam, ni ban ji tsami ba." To ina za ka ji, Baba? Aje wutar. Shinshina. Sannan hayaƙi.

Mataki na 2. Duba zumar

Ka shinshina? To, yanzu sa hayaƙi kaɗan, ka buɗe. Ɗauko saƙa guda. Zumar da ke kumfa, ta tsinke kamar ruwa, ta yi tsami ke nan. Ruwa ne ya yi mata yawa: idan ya wuce kashi 20 cikin 100 sai ta lalace. An fi ganin haka da damina, a watan Agusta, musamman a amyar kara da rufinta ke yoyo. Cire saƙar, gyara rufin, kada ka kai ta kasuwa.

Idan saƙar ta yi yauƙi, tana warin ruɓaɓɓen lemu, nemi ɗan baƙin ƙwaro da bai kai ƙwayar wake ba. Tsutsarsa ce ke ɓata zumar.

Mataki na 3. Duba tsutsar ƙudan zuma

Ƴaƴan zuma masu lafiya farare ne tas, a naɗe cikin ramin saƙa. Waɗanda suka yi rawaya ko ƙasa-ƙasa, suna tsami, ciwo ya kashe su. Tsoma tsinken tsintsiya a ramin, ka jawo. Idan ya yi zare kamar miyar kuɓewa, tsawon santimita 2 ko 3, ciwon mai tsanani ne. Ƙona tsinken. Kada ka kai saƙar ko wuƙarka wata amya. Kira likitan dabbobi.

Mataki na 4

Matattun ƙuda a ƙofa? Tambaya ko an fesa wa wake maganin ƙwari a kusa, yana kashe su.

Aiki: rubuta abin da ake yi kafin hayaƙi.