Yadda na gyara gwajin PostgreSQL da MySQL a wurin aikinmu

Rahoton ƙarshen wata na manhajar da ke riƙe da ciniki da sito da albashi yana cin lokaci sosai, har shugabanmu ya ce mu bar PostgreSQL, rumbun da ke adana bayananmu, mu koma wani rumbun, MySQL. Aka ba ni aikin gwada su. A gwajin farko MySQL ya yi wa PostgreSQL fintinkau, amma raina bai kwanta ba.

Da na duba, kuskuren nawa ne. Na loda bayanan cikin PostgreSQL da pg_restore, kayan aikin maido da ajiyayyun bayanai, ban gudanar da ANALYZE ba, umarnin da ke tattara ƙididdigar teburori, don haka mai tsara tambayoyi, sashen da ke zaɓar hanyar nemo bayanan da aka nema, yana lalube cikin duhu, bai san yawan layukan kowane tebur ba. Sannan shared_buffers, ƙwaƙwalwar da PostgreSQL ke riƙe bayanai a ciki, yana nan a 128MB yadda ya zo, alhali na ware wa MySQL rabin ƙwaƙwalwar na'ura. Ina adalci a nan?

Na mayar da shared_buffers kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwaƙwalwar, na yi ANALYZE, na kunna pg_stat_statements, wanda ke nuna lokacin da kowace tambaya ke ci. Nan take tambaya guda ta fito saman jeri. EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke bayyana yadda aka gudanar da tambaya, ya nuna tana karanta teburin rasit gaba ɗaya, layi bayan layi, saboda babu fihirisa, wato jerin da ke saurin kai wa ga layin da ake nema, a kan kwanan wata da lambar reshe. Na sa wa kwanan watan da lambar reshen fihirisa.

Na sake gwaji da ainihin tambayoyin akantocinmu, sau uku kowanne, na watsar da zagayen farko. Tazarar ba ta kai a kwashe bayanan shekaru a yi ƙaura ba. Muka zauna inda muke.