Yadda Ake Sauraron Murya da Ogan a Tsohon Kiɗan Rok

Duk wanda ya tashi a Sakkwato yana jin Ibrahim Narambaɗa ko Salihu Jankiɗi a rediyo ya san cewa zaƙin waƙa ba a bakin uban kiɗi kaɗai yake ba, domin rabinsa yana wurin 'yan amshi, waɗanda suke karɓar ɗiyan waƙa su ƙarasa shi. Da wannan kunnen ya kamata a tunkari kiɗan rok na Ingila da Amurka na tsakanin 1964 da farkon shekarun 1970, inda ogan, wani kayan kiɗa da ake latsawa mai kama da fiyano, yake yi wa mawaƙi aikin 'yan amshi.

Abin da za ka fara gyarawa shi ne abin sauraro. Sifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri, kuma a can ne rabin aikin ogan yake, don haka ka nemi iyafis mai kyau ko babbar sifika. Ka kuma tabbatar mai tura waƙoƙi ya ba ka cikakkiyar waƙa, domin "Light My Fire" ta ƙungiyar The Doors, ta 1967, tana da minti 7 a kundinta, amma wadda aka yanke wa gidajen rediyo ba ta cika minti 3 ba, kuma dogon kiɗan ogan da makaɗinsu Ray Manzarek ya yi a tsakiyarta yana cikin abin da aka zubar. Ni dai na fi son sauraro bayan isha'i a tsakar gida, lokacin da zafi ya faɗi, aka kashe janareta, unguwa ta yi tsit.

Daga nan sai ka koyi bambanta ogan da fiyano, ko da yake a nan duk abin da ake latsawa fiyano muke kiransa. Idan aka taɓa fiyano sautinsa yakan fito ya mutu kamar bugun kalangu, amma ogan ba ya yin shiru muddin yatsa yana kansa, kamar algaita a bakin gwanin da ke shaƙar iska ta hanci ba tare da busa ta yanke ba. Iri biyu za ka fi haɗuwa da su. Hammond, wanda Laurens Hammond ya fara sayarwa a Amurka a 1935, yana samar da sauti ne ta wasu ƙananan faya-fayan ƙarfe masu juyawa kusa da maganaɗisu, kuma yana da 'yan sanduna tara-tara da makaɗi ke ja ko turawa don ya sa sautin ya yi kauri ko ya sirance. Galibi ana haɗa shi da sifikar Leslie, wadda ƙahonta yake juyawa a cikin akwatin katako, kuma wannan juyawar ce take sa sautin ya riƙa kaɗawa, wani lokaci a hankali, wani lokaci da sauri. Na biyun shi ne Vox Continental, wanda ya fito a 1962, mai siririyar murya da kaifi.

Kowace waƙa ka saurare ta sau uku. A karo na farko ka bi murya kaɗai, kada rashin jin Turanci ya dame ka. Abin lura shi ne inda mawaƙi ya fara, inda ya ja numfashi, da inda ya ɗaga. A "House of the Rising Sun" ta ƙungiyar The Animals, ta 1964, mawaƙinsu Eric Burdon ya buɗe baitin farko da murya ƙasa-ƙasa, sai kwatsam ya cilla ta sama a baiti na biyu har tana neman tsagewa. Ian Gillan na Deep Purple ya wuce nan a "Child in Time" ta 1970, inda ya ajiye kalmomi gaba ɗaya, ya riƙa hawa da kuka zalla, mataki bayan mataki, har tsigar jikin mai sauraro ta tashi.

A karo na biyu ka toshe kunne ga mawaƙin, ka bi ogan. Wannan ya fi wuya, domin kunne ya saba bin muryar ɗan Adam, amma da sannu za ka ji yadda Alan Price, makaɗin ogan na The Animals, ya shigo da Vox ɗinsa a ɓoye bayan Burdon kafin ya mamaye fili, da yadda Jon Lord, makaɗin ogan na Deep Purple, ya buɗe waccan waƙa ta Gillan a hankali, alhali shi ne mutumin da ya shahara da haɗa Hammond da amfilifayar Marshall ta masu gita don ya sa shi gurnani.

Karo na uku shi ne na haɗa su, kuma a nan ne amfanin ya fi yawa. Ka tambayi kanka: idan mawaƙi ya yi shiru, me ogan ya ce? Yana maimaita maganarsa ne, ko yana ƙarasa ta, ko yana shimfiɗa masa tabarma kawai? A "Like a Rolling Stone" ta Bob Dylan, ta 1965, Al Kooper, wanda asalinsa makaɗin gita ne, yana shigowa da ogan a ɗan makare saboda yana jira ya ji inda sauran suka dosa, kuma wannan jinkirin ne ya sa kiɗansa ya zama amshi na gaske. Wadda ta fi burge ni ita ce "A Whiter Shade of Pale" ta Procol Harum, ta 1967, inda ogan ɗin Matthew Fisher yake da karinsa na kansa mai ƙamshin kiɗan Bach, tsohon mai tsara kiɗa na Jamus, yana fita mawaƙinsu Gary Brooker yana shiga, ba mai taka ƙafar wani. Nauyin wannan amshi ya kai har gaban alƙali: a 2006 wata kotu a Landan ta yanke cewa Fisher yana da kashi 40 cikin 100 na ƙirƙirar kiɗan, kuma kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan Birtaniya ta tabbatar masa da haƙƙinsa a 2009. A ganina hukuncin ya yi daidai, domin mafi yawan waɗanda suke tuna waƙar karin ogan ɗin suke fara rerawa.

Hanyar gwada kanka ita ce ka cire iyafis, ka rufe baki, ka rera karin ogan ɗin ta hanci daga farko har inda murya take shiga. Inda ka kakare, ka mayar da waƙar baya zuwa wurin. Idan wannan ya zauna, sai ka ɗauko "Gimme Some Lovin'" ta 1966, wadda Steve Winwood ya rera yana ɗan shekara 18, kuma shi ne a kan Hammond ɗin, ka nemi gane inda bakinsa ya tsaya hannunsa ya karɓa.