Yadda ake hana beyar shiga ƙauye a tsaunukan Akita

A arewacin Japan, inda yankin Akita yake, beyar, wata babbar dabbar daji mai kaifin farata, kan sauko ƙauyuka daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da take neman ƙiba kafin dogon barcin hunturu. Tsakanin Afrilun 2023 da Maris 2024 ta kai wa mutum 219 hari a ƙasar, 6 suka rasu. Yunwa ce ke kawo ta, don haka daga abinci za a fara.

1. Tsinke 'ya'yan kaki tun kafin su nuna sosai. Kaki ɗan uwan kanya ne, kuma beyar na son sa ƙwarai. Bishiyar da ke gidan da aka yi ƙaura, a nemi izinin mai ita a sare. Nan ne aka fi sakaci, domin yawancin waɗanda suka rage a ƙauyukan tsofaffi ne.

2. Kada shara ta kwana a waje. Abincin dabbobi ma a kulle shi.

3. Share ciyawa da sarƙaƙiyar da ke tsakanin daji da gidaje. Beyar ba ta son ketare fili.

4. Kewaye gona da amya da wayar lantarki, a riƙa nome ƙarƙashinta, don ciyawa na rage ƙarfin wutar.

5. In za ka fita da asuba ko magariba, rataya ƙararrawa ko kunna rediyo.

6. In kun yi kiciɓis, kada ka ruga. Ja da baya sannu a hankali kana fuskantar ta. In ta afka maka, kwanta rub da ciki, ka rufe wuya da hannuwa. Daga baya ka sanar da 'yan sanda ko ofishin gari.