Ƙannena masu zuwa aikin rami a Saskacewan, ku auna ɗakin da kuke kwana

Samari uku suka kira ni a watan nan daga filin jirgin Saskatun, a lardin Saskacewan na Kanada, kuma tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, ina zan samu ɗaki mai araha?" Katin lafiya da asusun banki ba su da wuya, 'yan'uwa a masallaci za su raka ku a gama. Rigar sanyi ma akwai mai ba ku. A wajen riƙe baƙo jama'armu ba ta da na biyu, ina alfahari da haka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne duk wanda na yi wa maganar radon, wata iska mai cutar da huhu, sai ya ce, "Allah zai kare," ya koma tambayar albashi.

Yawancinku idonku na kan ramukan yuraniyom na arewa, Cigar Lake da McArthur River. Waɗanda suka zo daga Arlit, musamman bayan rufe ramin Akuta a 2021, suna ganin sun san komai. To, radon iska ce da ke fitowa daga yuraniyom ɗin da ke cikin dutse da ƙasa. Ba launi, ba wari. Idan ta taru inda iska ba ta zagayawa, tana rikiɗewa ta zama ƙananan ƙwayoyi masu maƙalewa a ƙura, ka shaƙa, su zauna a huhu suna ƙona shi a hankali. Sai bayan shekaru masu yawa sankarar huhu ta bayyana. Mahaƙan Elliot Lake a Ontariyo sun binne abokansu da dama kafin su yi yajin aiki a 1974, kuma daga nan aka kafa kwamitin binciken da ya kai ga dokar kare lafiyar ma'aikata ta lardin. Fankokin da ke tura iska cikin rami yau da ran mutane aka saye su.

Don haka na'urar awon radon da za a ba ka a wurin aiki, ka ɗaura ta a jikinka, kada ka bar ta a akwatin kaya. Gwamnati na ajiye sakamakon kowane ma'aikaci a rajistar ƙasa. Ka nemi naka, ka adana tare da fasfo. In fanka ta tsaya a inda kake, ka fita ka kai rahoto. Ba wanda zai ce ka cika tsoro.

Ni ba a rami na sha wuya ba, a gida ne. Da na zo na kama ɗakin ƙarƙashin ƙasa saboda rahusa, taga ɗaya ƙarama daidai da ƙafar masu wucewa, ƙanƙara kan toshe ta wata da watanni. Akwai tsaga a siminti kusa da injin ɗumama gida, na rufe ta da darduma, a kanta nake salla. Shekara uku a nan, da maiɗakina da jaririyarmu. Ni da ake auna iskar da nake shaƙa a wurin aiki kullum, ban taɓa tunanin auna ta ɗakin 'yata ba, sai da wani abokin aiki ya tambaye ni. Na sayi ɗan abin gwaji, girman murfin kwalba, na ajiye shi wata uku a lokacin hunturu kamar yadda ake so, na aika ɗakin bincike. Ƙa'idar hukumar lafiya ta Kanada ita ce kada radon ta wuce bekerel 200 (ma'aunin yawanta) a kowace mita kubik ta iska. Namu ya wuce haka nesa.

Na kai wa mai gidan takardar. Ya ce bai taɓa jin wani ya mutu a gidansa ba. Na koma, ya ce zai duba. Na sake komawa, ya ce in ban so ɗakin akwai masu jira. Duk maganar da baki muka yi ta, ba ni da shaida ko ɗaya a rubuce, wannan ne kuskurena na biyu. Gyaran kuwa sananne ne: a huda siminti, a sa bututu da ƙaramar fanka ta zuƙo iskar daga ƙarƙashin gida ta fitar waje. Ya ƙi. Muka tashi cikin tsananin sanyi, na yi asarar kuɗin da na ajiye masa. Har yau in yarinyar nan ta yi tari da dare, barci ba ya ɗaukata.

Kafin ka sa hannu a takardar haya, tambayi mai gida ko an taɓa gwada radon, kuma ya ba ka amsa a rubuce. In ba a yi ba, ƙungiyar Lung Saskatchewan mai kula da lafiyar huhu na sayar da abin gwajin. Kada ka dogara da sakamakon maƙwabci, gida biyu a jere kan bambanta ƙwarai.

Masu sigari da shisha kuma, da ku nake. Radon ce kan gaba wajen jawo sankarar huhu ga wanda ba ya shan taba, amma in ta haɗu da hayaƙi haɗarin ninkuwa yake yi sau da yawa. Mai shiga rami da rana, ya kwana a ɗakin ƙasa, ya kuma kunna kara, don Allah ya fara ajiye karan tun kafin albashin farko ya shigo.