Bronx ba benaye da ƙarar jirgi kaɗai ba ce

Yawancin mutanenmu da ke sauka New York, 'yan Zangon Kumasi da Accra ne ko 'yan Nijar ko na Kano, a Bronx suke fara yada zango, don nan 'yan'uwa suke, nan masallatanmu da shagunan kuka da daddawa suke. Daga nan sai rayuwa ta zama ɗaki, wurin aiki, masallaci. Ka tambayi mutum yaya garin, ya ce ba komai sai bulo da hayaniya. Alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Bronx filayen shaƙatawa ne, da hanyoyin ƙafa da keke a cikinsu, kuma ba a karɓar ko sisi.

Ku fara da na kusa. Masu zama unguwar Highbridge da yawa ba su taɓa taka gadar da unguwar ta ci sunanta ba. High Bridge ita ce gada mafi tsufa da ta rage a birnin. An gama ta a 1848, kuma ruwan sha aka gina ta ta ƙetarar: ruwan kogin Croton da ke tafiyar mil 41 kafin ya shiga Manhattan. Ta yi sama da shekara 40 a rufe, sai a 2015 aka buɗe ta ga masu ƙafa da keke. Mota ba ta hawa. Ana shiga ta wajen mahaɗar University Avenue da titi na 170. Kuna kai, kogin Harlem na can ƙasa da ƙafa 140, hasumiyar ruwa na tsaye a ɗaya gaɓar. Ana kulle gadar da dare.

In kuna da yini guda, Van Cortlandt Park za ku. Ku hau jirgin ƙasa mai lamba 1 har tashar ƙarshe, titi na 242. Kuna saukowa ga makeken fili, 'yan Karebiyan da 'yan Indiya na kurket, wasu na tamaula. A gefensa akwai wani gidan dutse da aka gina a 1748, ginin da ya fi kowanne tsufa a Bronx. A nan nake so ku ɗan tsaya. Da yawanmu mun ɗauka bauta a kudancin Amurka kawai aka yi ta, wajen gonakin auduga. Wannan filin da yara ke guje-guje gandu ne, kuma bayi 'yan Afirka ne suka noma shi, su suka yi aikin injin niƙa da ke bakin tafkin. Bauta ba ta ƙare a jihar New York ba sai 1827. Kusa da tafkin akwai maƙabartarsu, wadda sai a watan Yunin 2021 aka keɓe ta a hukumance. Ku kai yaranku su gani, musamman waɗanda aka haifa a nan, kuma kada a mai da wurin wajen cin abinci.

Daga bakin tafkin hanyar Putnam ta tashi. Tsohon layin dogo ne aka cire ƙarafunan aka shimfiɗa kwalta, shi ya sa ba ta da hawa da gangara, ta dace da wanda rabonsa da keke tun yana aiken kasuwa. Ba nisa za ku ga wasu ginshiƙan dutse 13 jere a cikin itatuwa. Ba kaburbura ba ne. Kafin a gina tashar jirgin ƙasa ta Grand Central da ke Manhattan aka kafa su, kowanne da irin dutsensa, aka bar su ruwa da ƙanƙara su dake su don a ga wanda zai fi jurewa in an yi ginin tashar da shi. Hanyar ta zarce Yonkers, kuma yanki ce na Empire State Trail mai mil 750, wadda ta kai Albany ta rabu biyu, reshe ɗaya Buffalo, ɗaya iyakar Kanada. Ba cewa na yi ku je Kanada ba. Ku yi gaba iya ƙarfinku, ku tuna akwai dawowa.

Hanyar bakin kogin Bronx kuwa guntu-guntu take, wani wurin sai kun fito titi kun haɗu da motoci, don haka ban so sabon shiga ya fara da ita. Amma ta bi ta gefen gidan zoo da lambun tsirrai. Gidan zoo na da ranar shiga kyauta, Laraba, sai dai dole a kama tikiti ta intanet tun kafin ranar, kuma yana saurin ƙarewa.

Masu son ganin teku su bi jirgi mai lamba 6 zuwa ƙarshensa. Pelham Bay Park ne filin da ya fi girma a birnin, ya ninka Central Park na Manhattan sau uku da ɗoriya. Hanyar keke ta kai Orchard Beach, wata ta ƙetara gada zuwa City Island, tsibirin jiragen ruwa da gidajen soyayyen kifi. Bakin ruwan a ƙarshen mako na bazara kiɗa ne da cunkoso da shigar da ba kowane magidanci zai so iyalinsa su gani ba. Ku je da sassafe, ko a watan Oktoba lokacin da ganye ke rikiɗa ja da ruwan ɗorawa. Ba a shiga ruwa sai in masu ceto na bakin aiki.

Doka kuma ba ta san baƙo ba. Babba ba ya tuƙa keke a kan dakalin masu tafiya a ƙasa. Yaro ɗan shekara 13 zuwa ƙasa sai da hular kwano. Keke sai da ƙararrawa, da dare kuma farar fitila a gaba, ja a baya. Ku riƙe hannun dama. 'Yan'uwa masu kai abinci da keken lantarki, ranar hutu a sassauta, akwai tsofaffi da yara a hanyar. Ba a tsinkar ganye ko saiwa, ko da kun ga abin da ya yi kama da maganin gida, gashin nama kuma sai a wuraren da aka ware.

Abu biyu ne a dajin nan da ba ku saba da su ba. Akwai kaska 'yar ƙarama kamar ƙwayar riɗi, tana sa cutar Lyme, don haka a sa dogon wando, a duba jikin yara in an dawo. Akwai kuma wani tsiro mai yaɗo, ganyensa uku-uku, wanda taɓa shi ke jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Ku tafi da dadduma da gorar ruwa, don ana kashe famfunan filayen in sanyi ya shigo, kuma a Disamba ƙarfe huɗu da rabi magariba ta yi.