In an rubuta maka mukhalafa (tarar karya dokar hanya) a wurin fakin na naƙasassu

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda. Masu kai iyaye ko yara masu lalura asibiti, ku saurara.

Tarar tsayawa a wurin naƙasassu tana kamawa daga riyal 500 zuwa 900, kuma Murur, wato 'yan sandan hanya, ba sa wasa da ita. Amma in kana da katin tas'hilat na Ma'aikatar Albarkatun Ɗan Adam, wato katin da ke ba naƙasasshe izinin fakin a wurin, kuma mai katin yana tare da kai, kana da bakin magana. Shiga Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, sashen harkokin Murur, ka zaɓi i'itirad, wato ƙorafi, a kan mukhalafar. Kwana 30 kacal gare ka daga ranar da aka rubuta ta, kada ka yi sanya.

Bayaninka ya zama gajere: rana, wuri, wa ka ɗauko. Tun a wurin ka ɗauki hoton katin a gilashin gaba da lambar motar, ka adana takardar ganin likita ta ranar. Sau da yawa katin zamewa yake ya faɗa ƙarƙashin kujera, jami'i bai gani ba.

Wanda kuwa ya ari katin Hajiyarsa alhali tana gida, don Allah ya biya kawai. Ya hana wani dattijo mai keken guragu wuri.