Babi na 7: Tukunyar Shinkafa Mai Aiki da Lantarki

Darasi na 1: Mu san tukunyar tukuna

Ku ɗauko tukunyar ku ajiye a gabanku. Kada a jona ta da wuta yanzu, kallo kawai za mu yi. Wadda ba ta da ita ta matsa kusa da mai ita.

Buɗe murfin. Sa hannu biyu ki ɗago abin da ke ciki. Kin ga ya fito? Wannan ita ce tukunyar ciki, kuma a cikinta kaɗai ake zuba shinkafa da ruwa. Abin da ya rage a ƙasa shi ne gangar jiki. Leƙa cikinsa. Za ki ga wani faifan ƙarfe a shimfiɗe, da wani ɗan ƙarfe zagayayye a tsakiyarsa. Danna shi da yatsa, zai nutse ya dawo. Faifan shi ke yin zafi. Ɗan ƙarfen tsakiya shi ke jin ko ruwa ya tsotse, ya tsayar da dahuwa. A ƙarƙashin faifan nan wayoyin wuta suke, shi ya sa gangar jiki ba ta shiri da ruwa ko kaɗan.

A gaba akwai maɓalli guda da kalmomi biyu na Turanci. Ba sai kin iya Turanci ba, ki dai gane siffarsu. Ta farko ita ce COOK. Harufa huɗu ne, biyu na tsakiya zagayayyu kamar idanu. Idan fitilarta ta kama, ana dahuwa. Ta biyu ita ce WARM, ta fara da W, harafin farko na kalmar wake. Idan fitilarta ta kama, ba a dahuwa, ana riƙe ɗumin abincin ne kawai. Ku rubuta kowacce sau biyar a littafinku. Wadda hannunta ya yi rawa ta yi a hankali, babu mai jiran ta.

Yanzu cire tukunyar ciki, ki kifa gangar jikin. Akwai takarda manne a gindinta. Nemi lambar da harafin V ke bayanta. Wutar gidajenmu, a Najeriya da Nijar, tana tsakanin 220 da 240 ne. In kin ga 220V ko 230V ko 240V, madalla. In kin ga 100V ko 110V ko 120V, an yi tukunyar don Japan ko Amurka ne, kuma kina jona ta da wutarmu za ta ƙone. Ana yawan samun irin wannan a kayan gwanjo da na tsaraba. Ki duba tun a gaban mai kaya, kafin ki miƙa kuɗi. Lamba ta biyu, mai harafin W, tana nuna yawan wutar da take ja. Tukunya mai lita 1.8 takan ja wajen 700W. Ƙaramin janareta na fanka da ƙwan fitila ba zai ɗauke ta da daɗi ba.

Darasi na 2: Goge gindin tukunya

Wannan darasi ya fi kowanne muhimmanci, kuma a nan ne na ga ɗalibai sun fi tuntuɓe. Ku yi haƙuri da ni, zan yi ta maimaitawa.

Ciro tukunyar ciki, ki kai ta nesa da gangar jiki. A can nesa za ki zuba shinkafa da ruwa. Idan kin gama, ɗauki busasshen tsumma ki goge bayan tukunyar da gindinta. Shafa da tafin hannunki. Akwai danshi? Sake gogewa. Akwai ƙwayar shinkafa da ta manne? Cire ta. Leƙa kan faifan ƙarfen nan, shi ma ya zama a bushe, ba ƙwaya, ba yashi. Sai ki sa tukunyar a ciki, ki ɗan juya ta dama da hagu har ki ji ta zauna daram.

Ga dalili. Ruwan da ya biyo gindin tukunya yana gangarawa wajen wayoyi. Yau za ki ji tas-tas, gobe ki taɓa jikin tukunyar wuta ta ja ki. Ƙwayar shinkafa kuwa, ko guda ce, tana ɗaga tukunyar daga kan faifan. Sai gefe ya dahu gefe ya ƙi dahuwa, ita kuma ƙwayar ta ƙone ta bar baƙin tabo a faifan.

Mu sake. Ciro. Zuba. Goge gindi. Shafa da hannu. Mayar. Ku faɗa da baki tare da ni, sannan kowacce ta yi da hannunta sau uku, da ruwa zalla ba shinkafa. Wadda ta manta gogewa ta koma farko. Ba abin kunya ba ne, hannu ya saba da tukunyar murhu, wadda ko da jiƙaƙƙen gindi aka ɗora ta wuta za ta busar.

Akwai kuskuren da ya fi wannan muni. Na ga wata baiwar Allah, da sauri a kanta, ta juye shinkafa da ruwa kai tsaye cikin gangar jiki, alhali tukunyar ciki na can kife a kwandon wanke-wanke. Ruwan ya fito ta ƙasa ya malale tebur, ƙwayoyin suka cika ramin da ke kewaye da ɗan ƙarfen tsakiya. Allah ya kiyaye ba a jona ba. In haka ta faru da ke, kada ki taɓa tukunyar. Kashe soket, zare filogi, sannan ki juye abin da ya zuba. Kada ki sake jonawa don gwaji. Kai wa mai gyaran kayan wuta ya buɗe ya busar. Kafin ki zuba komai, ki kalla da idonki ki tabbatar tukunyar ciki ce a hannunki.

Darasi na 3: Awo da dahuwa

Tukunyar tana zuwa da ɗan kofin roba. Yana ɗaukar mililita 180, bai kai kofin shayi babba ba. Adana shi, da shi aka yi lissafin layukan da ke jikin tukunyar ciki. Duba layukan: 2, 4, 6, 8, 10. In kin auna shinkafa kofi 4, ki fara zuba shinkafar, sannan ki zuba ruwa har ya kai layin da aka rubuta 4. Shinkafa ce farko, ruwa daga baya. Kada ki wuce layin ƙarshe na sama komai yawan baƙi, za ta yi bori ta zubo cikin gangar jiki.

Shinkafarmu da ake turarawa kafin a cashe ta fi shan ruwa, don haka ki ɗan haura layin kaɗan. Dahuwa biyu ko uku za ki gane ma'aunin irin taki.

A ƙwarya ko roba za ki wanke shinkafa ki rege ta. Kada ki cuɗa ta a tukunyar ciki, musamman 'yar Hausa mai tsakuwa, don tsakuwar na kankare baƙin shafen da ke hana kamu. Bayan kin juye ta a ciki kin zuba ruwa, me ya rage? Goge gindi. Shafa da hannu. Na san kun gaji da ji, amma har a wannan darasin ina ganin masu ɗauko tukunya tana ɗiga su nufi gangar jiki da ita.

Ajiye tukunyar a wuri shimfiɗaɗɗe, busasshe, inda yaro ba zai kai ba, kuma wayar kada ta yi reto inda mai rarrafe zai ja. Rufe murfi. Goge hannunki, ki sa takalmi in ƙasa da danshi. Jona filogi. Fitilar WARM ce za ta fara kamawa. Danna maɓallin ƙasa, fitilar COOK ta kama. In kin manta dannawa, za ki dawo ki tarar da shinkafa a jiƙe cikin ruwan ɗumi.

Muddin akwai ruwa a ciki, zafin ba ya wuce digiri 100. Da ruwan ya tsotse zafi zai haura, maɓallin ya yi ƙas ya koma sama da kansa. Yakan ɗauki kamar rabin awa, gwargwadon yawan shinkafar. Bar ta a rufe minti 10 ta tsane. In ba ta yi laushi ba, yayyafa ruwan zafi kaɗan, ki jira ta ɗan huce, ki sake dannawa.

Idan maɓallin ya ƙi zama a ƙasa, akwai dalili: ko tukunyar ciki ba ta zauna daidai ba, ko ruwa ya ƙare. Kada ki tokare shi da tsinke. Haba jama'a! Abin da aka sa don ya hana gobara shi za ki ɗaure? Haka nan masu yanke filogi su cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana, da masu haɗa tukunya da dutsen guga a kan ekstenshan guda har robar ta narke. Wallahi ku bari. Gida ba naki ke kaɗai ba ne, akwai yara a ciki, akwai maƙwabta.

Yawancin ƙananan tukwanen nan ba su da wurin kashewa. In filogi na jone, tana aiki. Kin kwashe abinci, zare filogi, kuma kan filogin za ki kama, ba wayar ba.

In an ɗauke wuta ana tsakiyar dahuwa, zare filogi, ki juye shinkafar a tukunyar murhu ki ƙarasa. Kada ki ɗora tukunyar ciki a kan gawayi ko gas. Gindinta zai lanƙwashe, ba za ta ƙara zama daidai a kan faifan ba.

Darasi na 4: Turara abinci

Wani faranti mai huji-huji yana zuwa da tukunyar. Shi ne madambacinta. Zuba ruwa kofi 2 ko 3 a tukunyar ciki, ruwan kada ya taɓo farantin. Goge gindi. Mayar, ɗora farantin, jera alale ko ƙwai ko kifi ko yankakkiyar kabewa, rufe, danna COOK. In dambu ne, shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta kafin ki zuba tsaki. Ruwa ya yi ƙasa, ƙara na zafi.

A murhu kun saba naɗe bakin madambaci da tsumma don kada tururi ya fita. A nan ba a yin haka. Ɗan hujin da ke kan murfi dole ya kasance a buɗe. Kada ki rufa masa tsumma, kada ki kai fuska ko hannu kansa. In za ki buɗe, ɗaga gefen da ke nesa da ke, tururin ya fita ta can. Wadda tururi ya ƙona ta sa wurin a ruwa mai sanyi minti 20. Ban da manja, ban da makilin, ban da ɗanyen ƙwai. In ya yi bororo babba, a je asibiti.

Darasi na 5: Wankewa

Zare filogi, jira ta huce. Tukunyar ciki, murfi, faranti da ludayin roba su ake wankewa, da soso mai laushi da sabulu. Ban da soson ƙarfe, ban da toka. Ƙanzo ya kama, jiƙa shi, zai saki. Cokalin ƙarfe ma kada ya shiga, ki yi amfani da na roba ko na katako.

Gangar jiki ba a tsoma ta a ruwa, ba a sa ta ƙarƙashin famfo. Tsumma mai ɗan danshi ya isa. Ki faɗa wa yarinyar da ke miki wanke-wanke, don ba ta zo aji ba. Bayan wanki ma, goge gindi kafin ki mayar.

Darasi na 6: Ragowar shinkafa

Kada shinkafa ta wuce awa 4 ko 5 a WARM. Kada kuma ta kwana cikin tukunya bayan an zare wuta. Akwai ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashewa, tana yaɗuwa a shinkafar da ta huce ta daɗe a ajiye, ta sa amai da gudawa, kuma ɗumame ba ya kawar da dafinta. Mai firji ta sa da wuri. Marar firji ta dafa daidai ci.

Darasi na 7: Idan an ga matsala

Robar waya ta tsage, ko filogi na zafi, ko ana jin ƙauri, ko jikin tukunyar na ja: daina amfani da ita, kai wa mai gyara. In ta kama da wuta, kashe wutar gidan, kada a watsa ruwa. In wutar lantarki ta kama mutum, kada ki taɓa shi, kashe wutar ko ki ture shi da busasshen katako.

Darasi na 8: Ajiya

Ajiye ta a bushe, inda ɓera da kyankyaso ba sa kaiwa. Kada ki naɗe waya a jikinta tana da zafi.

Aikin gida: ki kwafo lambobi biyu da ke gindin tukunyarki, mai V da mai W, ki zo da su mako mai zuwa.